A Fito Da Waƙar Zonkwa Zuwa Wurin Aiki

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar Oshodi ko ta Mile 12 da ƙarfe biyar na asuba ya ga yadda ma'aikacin birnin Ikko yake fara yininsa. Wanda yake kwana a Agege ko Ikorodu, aikinsa kuwa yana Apapa ko cikin Tsibiri, tilas ya ba hanya awa biyu ko uku da safe, ya sake ba ta kamar haka da dare. Cikin wannan turmutsutsu akwai 'yan Arewa masu ɗimbin yawa: masu gadi, direbobi, 'yan dako, masu jinya, 'yan sanda, sojojin barikin Ikeja da na Ojo, da ma'aikatan kamfanoni iri iri. Haka abin yake a Badun da Fatakwal da Anaca, sai dai wani gari ya fi wani cunkoso. Mutum ya tashi da gajiya, ya yini da ita, ya kwanta da ita, ga tunanin kuɗin haya, ga kuma saƙon gida da ba ya yankewa, yau kuɗin taki, gobe kuɗin makaranta, jibi an kwantar da tsohuwa a asibiti.

Wannan gajiya ta wuce ciwon gaɓoɓi. A shekarar 1981 da aka yanka wa ma'aikaci mafi ƙarancin albashi na Naira 125, ba wanda ya damu da ba ta suna, sai dai a ce wane aiki ya cinye shi. Amma a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin kundinta, ta ce wani hali ne da ke samun mutum saboda matsin aiki da ya daɗe ba a magance ba, ta kuma ba da alamunta guda uku, watau ƙarewar kuzari, da jin mutum ya tsani aikinsa ko ya daina damuwa da shi, da raguwar ƙwazo. Mai karatu ya duba abokan aikinsa, ko ya duba madubi, zai ga ko alamun nan baƙi ne.

Magungunan da jama'a suke nema wa kansu kuwa sanannu ne. Wani ya haɗiyi ƙwayar ciwon jiki kullum kamar goro. Wani ya zarce mashaya. Wani ya kai ragowar albashinsa shagon cacar ƙwallo. Matasa da yawa sun faɗa wa tiramol da ruwan maganin tari mai kodin, har sai da gwamnatin tarayya ta hana yin wannan ruwa da shigo da shi a 2018. Mafi yawa kuma, waɗanda Allah ya tsare daga waɗancan, sai su kwanta su ƙura wa waya ido har barci ya ɗauke su. Alhali kuwa akwai wani magani da ba ya cin ko kwabo, wanda mutanen wani yanki na Arewa suka ƙware a kansa tun kaka da kakanni, suka taho da shi Kudu a cikin maƙogwaronsu, sa'an nan suka kulle shi a ɗaki ɗaya, ba ya fitowa sai ran Lahadi. Maganin nan shi ne waƙar taro, mutanen kuwa su ne na Zonkwa da Kafanchan da sauran ƙasar kudancin Kaduna. Lokaci ya yi da za a fito da shi a kai shi wurin aiki, inda cutar take.

Wanda ya taɓa kwana a Zonkwa, ko Madakiya, ko Kagoro, ko Kwoi, ya san abin da ake nufi. Da la'asar sakaliya, bayan an tashi daga ofis an dawo daga gona, sai a ji muryoyi suna tashi daga majami'u ta ko'ina. Ba ranar sujada ba ce, koyo ake yi. Ga ƙungiyar mawaƙa, wadda ake ce wa kwaya (a lura, ba ƙwaya ba, ɗigon nan na kan harafi ya raba lafiya da cuta), tana bin murya huɗu, biyu na mata biyu na maza, malaminsu yana rera do-re-mi yana mayar da su baya duk sa'ad da suka kauce. Ga 'yan Sabon Rai da nasu salon. Ga kuma Zumuntar Mata, waɗanda su ne ƙashin bayan abin duka, sanye da zane iri ɗaya, ɗaya tana bayarwa saura suna amsawa, ana buga tulu da ganga ana kaɗa caki. Masu wannan waƙa ba 'yan zaman banza ba ne. Cikinsu akwai malaman makaranta, da masu jinya da unguwarzoma irin waɗanda ake horarwa a asibitin St. Louis na Zonkwa, da akawunan sakatariyar ƙaramar hukumar Zangon Kataf, da matan da suka yini suna kankare citta. Kowa ya zo da gajiyarsa, bayan awa ɗaya ko biyu ya koma gida ya bar rabinta a kan benci.

Yadda abin ya kafu ba ɓoyayye ba ne. Turawan mishan na S.I.M. sun zauna a Kwoi da Kagoro tun farkon zamanin Turawa, kuma a Kagoro aka kafa ekklesiyar E.C.W.A. a 1954. 'Yan Katolika su ma suka buɗe makarantu da asibitoci. Da yake ƙasar tana da harsuna barkatai, Bajju da Atyap da Ham da Kagoro da Fantswam da Adara da Ninzo da sauransu, kowa da nasa, sai Hausa ta zama harshen da ake haɗuwa a cikinsa, musamman bayan an buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932, ga kuma Littafin Waƙoƙi a hannun kowa. Har wa yau jirgin ƙasa ya ƙara nasa. A 1927 aka haɗa layin da ya taso daga Fatakwal da na Kaduna, aka kuma ja reshe zuwa Jos, Kafanchan ta zama mahaɗa, Zonkwa ta sami tasha. Ma'aikatan reluwe daga ƙasar Ibo da ta Yarabawa da sauran wurare suka cika garin, kowa da irin waƙarsa. Saboda haka yaron da ya tashi a wannan yanki yakan iya riƙe muryarsa cikin taro tun kafin ya iya ninka bakwai sau bakwai.

Amma fa kada a ɗauka waƙar taro mishan ce ta kawo ta, ko kuwa kayan Kirista ce kurum. Ta girmi mishan nesa ba kusa ba, kuma asalinta ma a wurin aiki take, ba a ɗakin ibada ba. A ƙasar Hausa da ƙasar kudancin Kaduna duka, da wuya a sami aikin wahala na gargajiya da ba shi da waƙarsa. Manoma in sun yi gayya, makaɗi yana biye da su da gangar noma, yana zuga wannan yana tsokanar wancan, sai a ga kunya ta ƙare ba a san an yi ta ba. Matan da ke daɓen sabon ɗaki suna jere a durƙushe, maɗaɓai suna sauka tare a kan amshi. Mai niƙa tana tura dutse tun duku-duku tana rera abin da ke cinta a rai, wani lokaci habaici ga kishiya, wani lokaci begen gida, abin da ba ta iya faɗa da baki sai ta faɗe shi da waƙa, ba kuwa mai kama ta da laifi. 'Yan mata suna lugude a turmi. Mahauta suna da kalangu, maƙera da mafarauta kowa da takensa. Su ma leburorin da suka shimfiɗa layin dogon nan da ya ratsa Zonkwa, da waƙa suke ɗaga ƙarfe: shugaba ya bayar, saura su amsa, a kan amshin kowa yake sa ƙarfinsa lokaci guda, in ba haka ba ƙarfen ya karya wa wani ƙafa.

Watau waƙar tana yin aiki biyu. Tana daidaita hannuwa, tana kuma sauke abin da ke zuciya. To, ina ta tafi? Injin niƙa ya kashe waƙar niƙa. Siminti ya kashe daɓe. Maganin feshi da kuɗin ƙwadago sun rage gayya ƙwarai. Ba wanda zai yi kukan rabuwa da dutsen niƙa, ko da wasa, sai wanda bai taɓa tura shi ba. Amma abin lura shi ne, da aka sauƙaƙa aikin sai aka zubar da waƙar tare da wahalar, sa'an nan aka kawo sabuwar wahala wadda ba ta da waƙa. Mai gadi yana zaune awa goma sha biyu a bakin ƙofa shi kaɗai. Mai jinya tana tsaye dare farai a kan marasa lafiya talatin. Ma'aikacin kamfani yana gaban inji mai ƙarar da ko sunansa aka kira ba zai ji ba. Aikin albashi ne aiki na farko a tarihin wannan ƙasa da aka ce a yi shi baki a rufe.

Waɗansu ƙasashe da suka riga shiga wannan hali sun gano inda aka yi ɓatan. Misali mafi kusa da 'yan ci-rani shi ne na Afirka ta Kudu. A can, zamanin mulkin wariyar launin fata, Zulu da yawa sun bar ƙauyukansu sun tafi aikin ma'adinai da kamfanoni a Durban da Johannesburg, aka jibge su a barikokin gwauraye, ba mata ba 'ya'ya. Sai suka riƙa haɗa ƙungiyoyin waƙa na maza zalla, ba ganga ba molo, murya kurum, suna koyo da dare bayan aiki, ran Asabar kuma a kwana ana gasa. Salon nan shi ake kira isicathamiya, kuma daga cikinsa ƙungiyar Ladysmith Black Mambazo ta Joseph Shabalala ta fito, wadda duniya ta san ta bayan ta yi aiki da mawaƙin Amurka Paul Simon a 1986. Amma kafin a kai ga suna da kuɗi, abin da ya tara su shi ne kewar gida da nauyin aiki, daidai irin wanda ke kan mai gadin Ikoyi da ya baro iyali a Kachia. A yankin Wales na Birtaniya ma masu haƙar kwal ne suka riƙe ƙungiyoyin mawaƙa maza, irin ta garin Treorchy, waɗanda suka rayu har bayan an rufe ramukan kwal ɗin.

A 2012 gidan talabijin na BBC ya ɗauki wani malamin waƙa, Gareth Malone, ya zaga da shi wuraren aiki huɗu, da wani asibiti a Lewisham cikin Landan, da gidan waya na Bristol, da filin jirgin sama na Manchester, da wani kamfanin ruwa, a kowanne ya kafa ƙungiyar mawaƙa daga cikin ma'aikata. Likita da mai tura keken marasa lafiya suka tsaya kafaɗa da kafaɗa, wanda ya fi murya shi ne gaba, ko da kuwa shi ne ƙarshe a takardar albashi. Ƙungiyar asibitin ba ta watse ba bayan an gama shirin, har a Kirsimetin 2015 faifanta ya zo na ɗaya a kasuwar waƙa ta Birtaniya.

Masana kuma sun auna abin. A 2013 masu bincike a Gothenburg ta ƙasar Suwidin sun sa wa mawaƙa na'ura, suka ga cewa in ana rera waƙa tare bugun zukatansu yakan riƙa hawa da sauka tare. Dalilin ba sihiri ba ne: baitin waƙa yana tilasta wa mutum ya ja numfashi da sauri ya sake shi a hankali, sakin numfashi a hankali kuwa yana lafar da bugun zuciya. A 2016 aka gwada yawun mutum kusan 200 'yan ƙungiyoyin waƙa a Wales, masu fama da ciwon daji da masu jinyarsu, kafin waƙar awa ɗaya da bayanta, aka tarar sinadarin kotisol, wanda jiki ke fitarwa lokacin damuwa, ya ragu. Na jami'ar Oxford a 2015 ya fi dacewa da zancen nan. Sun bi manya masu zuwa ajin koyo har wata bakwai, waɗansu suna koyon waƙa, waɗansu sana'ar hannu, waɗansu rubutu. A ƙarshe duka sun shaƙu da juna, amma 'yan ajin waƙa tun watan farko suka saba, saura kuwa sai da aka daɗe. Ke nan waƙa ba ta fi kome ba, sai dai ta fi saurin narkar da baƙunta. Ba kuwa wanda ya ce tana maye gurbin ƙwayar hawan jini, wanda likita ya rubuta wa magani ya ci gaba da sha.

Mai karatu zai iya cewa, to ai ga majami'a nan, ga Islamiyya, ga zikiri da bege da Ishiriniya a lokacin Maulidi, kowa yana da inda yake sakin muryarsa, me ya kawo wurin aiki? Amsar tana da ɗaci, kuma ɗan kudancin Kaduna ya fi kowa saninta. A watan Maris na 1987 rigima ta tashi a Kwalejin Horon Malamai ta Kafanchan ta bazu har Kaduna da Zariya da Funtuwa. A 1992 aka yi ta Zangon Kataf. A watan Afrilu na 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta an kashe mutum sama da 800 cikin kwana uku a jihohin Arewa 12, fiye da rabinsu a kudancin Kaduna, kuma Zonkwa da Matsirga da Kafanchan na cikin wuraren da abin ya fi muni. Daga baya aka shiga hare-haren dare a ƙauyuka, irin na Godogodo da Goska a 2016. Kowane ɓangare yana da kaburburansa, kowa kuma nasa yake ƙirgawa. Sakamakon haka unguwanni suka rabu, kasuwanni suka rabu, makarantu suka rabu. Birnin Kaduna kansa, tun bayan rigingimun 2000 da 2002, kogi ya zama iyaka.

Abin da ya rage bai rabu ba shi ne wurin aiki. A nan ne kaɗai Bulus da Bello suke sa hannu a rajista ɗaya, su sha ruwan famfo ɗaya, su jira albashi ɗaya da bai zo ba. An sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya a Kafanchan a 2016, abu ne mai kyau, amma manya ne suka sa hannu, su kuwa manya ba su suke haɗuwa a layin awo ba. A Kudu kuma akwai wani abin da zai ba mutum dariya in bai ba shi haushi ba. Bajju da Bakano da Babarbare da Bazabarme, duk sunansu ɗaya a bakin mai masauki, ko Malam ko Aboki. Ran da aka yi ta Shagamu a 1999, ko Idi-Araba a 2002, ko kasuwar Shasha ta Badun a 2021, ba a tsaya tambayar ɗan Arewa garinsu ba. Mutanen da waje ya ɗaure su da igiya ɗaya, bai kamata a ce ba su da ko rabin awa a mako da za su yi wani abu tare don jin daɗi kawai ba. Ba a ce waƙa za ta hana faɗa ba. Amma mutumin da aka saba jin muryarsa a gefen kunne kowace Laraba, aka san inda yake shaƙewa da inda yake kaucewa, da wuya a yarda da duk abin da aka faɗa a kansa a saƙon WhatsApp.

Akwai masu ja, kuma ba duka ne za a yi watsi da maganarsu ba. Na farko su ne masu duba addini. Gaskiya ne malaman Musulunci sun yi saɓani a kan kayan kiɗa, ba kuwa shafin jarida ne zai raba wannan gardama ba. Amma murya zalla da kalmomi masu tsabta wani abu ne dabam. Ya zo a ingantattun hadisai cewa Sahabbai suna rera baitoci suna haƙa ramin Handaƙu a Madina, watau ita ma waƙar aiki ce. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, da waƙa ta karantar da matan karkara ta hannun jajojinta. Saboda haka ƙungiyar wurin aiki tana iya ajiye ganga in gangar za ta kori wani, Zulu ma ba da ganga suka yi suna ba. In cuɗanyar maza da mata ce matsala, a yi layi biyu da tazara, ko a yi ƙungiya biyu. A ɗaya ɓangaren kuma, 'yan kwaya su ji wannan da kyau: ranar da aka shigo da Littafin Waƙoƙi, ko aka mai da taron wata hanyar wa'azi ta bayan gida, ranar ƙungiyar ta mutu. Haka nan in wani ya kawo ƙasida. Kowa yana da ɗakin ibadarsa, ba a kuwa rufe shi ba.

Na biyu su ne masu cewa waƙa aikin maroƙa ne, ɗan mutunci ba ya buɗe baki cikin taro. Wannan tsohon ra'ayi ne a ƙasar Hausa, shi ya sa ma mahaifin Mamman Shata bai so ɗansa ya shiga waƙa ba. Amma an haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Roƙo shi ne a wasa wani don ya ba da kuɗi. Manomin da ya amsa waƙa a gayya ba wanda ya taɓa ce masa maroƙi, haka uwar da ke daɓe. A nan ne mutumin Zonkwa yake da abin koya wa ɗan'uwansa na Kano, domin a wurinsu hedimasta da kansa yana tsayawa a layin baya yana jan kakkaurar murya, girmansa kuwa bai ragu da ko taƙi ba.

Na uku su ne suka fi gaskiya, watau 'yan ƙungiyar ƙwadago da ke tsoron kada masu kamfani su mai da waƙa abin rufe baki. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023 kuɗin mota ya ninka, kuma Naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024 a matsayin mafi ƙarancin albashi, kafin shekarar ta ƙare buhun shinkafa ya haura ta a kasuwanni da dama. A gida kuma cutar da ta faɗa wa citta a daminar 2023 ta karya manoman Kachia da Jaba da Kagarko, nauyinsu ya ƙaru a wuyan 'yan'uwansu da ke Kudu. Manajan da ya riƙe albashin wata uku, sa'an nan ya sayo wa ma'aikata riguna iri ɗaya ya ce su yi masa waƙa ran bikin ƙarshen shekara, wannan ba lafiyarsu yake nema ba, maroƙa yake nema na kyauta. A tuna da Solomon Linda, lebura mai shirya kaya a kamfanin faifai na Gallo a Johannesburg. A 1939 shi da abokan waƙarsa suka ɗauki wata waƙa mai suna Mbube, aka sallame shi da 'yan sulalla, waƙar ta zaga duniya ta tara wa waɗansu dukiya, shi kuwa ya mutu a 1962 hannu wofi, sai a 2006 magadansa suka sami sulhu. Don haka ƙungiyar ta zama ta ma'aikata, su za su zaɓi shugabanta, su za su zaɓi abin da za su rera. Abin da ake nema daga hukumar wurin aiki biyu ne rak, ɗaki da lokaci. In ta ƙi ba da ɗaki, inuwar mangwaro ta isa.

Sauran tambaya ita ce me za a rera, in an ajiye na majami'a an ajiye na zawiyya. Abin ya yi yawa ma. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya nuna cewa karen mota da lebura da talaka duk sun isa a yi musu waƙa, ba sai sarki ba. Akwai waƙoƙin gaɗa da na tashe da kowa ya tashi da su. Akwai na noma da na biki cikin Jju da Tyap da Hyam da Fulatanci, wanda ya iya ya koya wa saura, a yi ta dariyar yadda Bakatsine yake murɗe harshe. Mafi daɗi kuma shi ne su tsara nasu, a kan cunkoson gadar Third Mainland, da mai gidan haya, da wutar lantarki da ba ta zama, da shugaban sashe mai yawan duba agogo. Matan niƙa ba su jira wani ya rubuta musu ba. Ba'ibo da Bayarabe da ke aiki a wurin, in sun ji daɗin amshin, a buɗe musu layi, su ma su kawo nasu.

Ba a bukatar mutum hamsin. Shida ko takwas sun isa a fara, rabin awa, sau ɗaya a mako, lokacin hutun rana bayan an yi sallar azahar, ko a tsakanin masu sauka da masu hawa aiki, kada a zaɓi Juma'a kada a zaɓi Lahadi. Kada a sa kuɗin shiga, kada a sa anko, kada kuma a yi wa kowa jarrabawar murya, domin wanda muryarsa ta fi muni sau da yawa shi ya fi bukatar abin. Mai koyarwa kuwa ba sai an ɗauko shi daga waje ba. A bincika cikin masu gadi, ko ɗakin girki, ko masu jinyar dare, da wuya a rasa wani ɗan Zonkwa ko 'yar Kagoro da ta yi shekara goma tana riƙe da murya ta biyu a garinsu, tana nan tana shara ko tana rubuta kati, ba wanda ya taɓa tambayarta.